Farcen Hagu

Da safe Likita, mai kula da dabbobi a gonar shanu, ya buɗe tulun sanyi da ake adana iri a ciki ya tarar wayam. Irin, wato maniyyin bijimin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana inganta shi, wanda 'ya'yansa ke cika bokiti da nono, an kwashe kaf. Bijimin ya mutu bara. Na tulun ne ya rage, in babu shi kuwa masu gonar za su rufe aikin.

Sufeton 'yan sanda da aka kira ya duba ƙofa, ba a ɓalle ba. Murfi ma an mayar daidai. Ya ce a ransa, da ɗan gari akan ci gari.

Likita ya gaya masa sanyin tulun na ƙona fata kamar wuta, sai gwani ke taɓa shi lafiya. Sufeto ya kira maigadi.

"Baba, miƙo hannu."

"Ranka ya daɗe, ni ko hayaƙinsa tsoro nake ji."

Babu tabo. Hannun mai tatsar shanu ma garau.

"Bayan Likita, wa ya iya tulun?"

Mai tatsa ta taɓe baki. "Sai Oga, mataimakinsa, mijin 'yarsa. Amma rabonsa da saniya tun da aka ba shi kujera. Farcensa ya fi na amarya tsawo."

Aka kira Oga. Ya shimfiɗa hannuwa bisa tebur yana murmushi.

"Ka ga ƙuna, Yallaɓai?"

Sufeto bai ga ƙuna ba. Farce ya gani: na dama zaƙo-zaƙo, na hagu an yanke har nama.

"Likita, da wane hannu ake shiga jikin saniya in za a sa mata iri?"

"Hagu. Kuma ba na barin ɗalibina ya shiga da farce, kada ya yage ta."

Sufeto ya juyo. "Wanda bai iya ba, da ya ƙone. Kai ka iya. Kai da ba ka taɓa saniya a nan, shanun wa ka yanke wa farce?"

Murmushin ya mutu. Rana dubu ta ɓarawo. Oga ya ce na wani attajiri ne, a bayan gari.

"Sauran irin fa?" in ji Likita.

"Ya ƙare, Baba. Abin da ban sa ba, zafi ya kashe."

Tsohon ya daɗe yana kallon hannun hagun nan.

"Tausayin saniya ka koya a wurina," in ji shi. "Nawa ne ba ka koya ba."