Kuɗin Ciyarwar Ablawa

"Kowa ya kwanta! Wanda ya ɗaga kai ya mutu!"

Tsakar rana ce a bakin kasuwar Kwatano. Agosu, ogan wata tawagar 'yan fashi, ya fizge jakar mai canjin kuɗi. Mutumin ya riƙe gam. Tau! Agosu ya harbe shi, ya zube kan tebur, sefa ta watse.

Sosa na kan babur yana jiran Agosu. Shi fa ɗan acaba ne, don tuƙi kawai aka ɗauke shi. Tun da ya saki Ablawa, alƙali ya yanka masa kuɗin ciyar da ita duk wata. Ya sake aure, ga amaryarsa Senami da tsohon ciki, babur ɗaya ya kasa riƙe gida biyu. Wata uku bai biya ba. Alƙali ya ce ranar Juma'a ko kuɗi ko gidan yari. Don kunya, ko kiran Ablawa ya daina ɗagawa.

"Ja mu tafi, ɗan iska!" Agosu ya ɗare bayansa.

Suka kutsa cikin 'yan acaba, duka riguna ruwan ɗorawa. Dabarar Agosu ce: "Saka rigar aikinka, ku dubu nawa ne, wa zai gane ka?" Kaico, Sosa bai tuna da lambar da ke bayan rigar ba. Agosu kuwa ya tuna sarai. Yana dira a gindin gada ya cusa masa kasonsa, ya ɓace. Lambar da ke bayan Sosa ta fito fili, jiniyar 'yan sanda na tafe.

"Ga lambar can! Kada ku harba, ku bi shi!"

Hanyar iyakar ƙasa na hagu. Sosa ya karya dama, sai rumfar da Ablawa ke soya kifi.

"Ungo, Ablawa. Na wata uku ne cif. Ki gaya wa alƙali."

Ta dubi kuɗin, ta dubi jinin da ke gefen takardun.

"Sosa, me ka yi?"

"Ki karɓa mana, don Allah!"

"Wayyo ni! Sau nawa na kira ka? Aure na yi, Sosa! Da mai gyaran kwale-kwalen nan. Na je gaban alƙali na ce na yafe, har na baya. Na ji Senami ta kusa haihuwa, na ce ka sayi kayan jariri."

Sosa ya samu wuri ya zauna. Yana zaune kan benci 'yan sanda suka zagaye rumfar, bai ko motsa ba.

Mai canji ya cika a hanyar asibiti, ya bar 'ya'ya huɗu. Agosu ya tsallake iyaka. Babur da kuɗin suka zama shaida a kotu. Abin tausayi, Senami ta haihu mijinta na tsare.

Duk ƙarshen wata, Ablawa ke ɗaure kifi da gari ta kai wa Senami da jaririn.