Agogon Gali a Cikin Kwalla

Kwanaki ke nan Hansatu ba ta da sukuni, tun ranar da babban ɗanta Abdurrahim ya zaro agogon marigayi babansa Gali daga ƙasan akwati. Gali direba ne, wani fasinja da ya sauka a Fammar ya manta agogon a motarsa, bai ƙara waiwayo shi ba. Agogon hannu ne mai nauyi, da ƙananan fuskoki a cikin babbar, da maɓallai biyu a gefe. Tun Gali na da rai agogon ya tsaya.

Mai gyara a kasuwar Rano ya ce tsohon yayi ne, ba ya cin batir, wani ake yi masa, wato a murɗa shi da hannu, maɓallan kuma na auna gudu ne. Datti kawai ya riƙe shi. Abdurrahim ya dawo gida Kahu, ya baje a tsakar gida. Ya ɓamɓare bayan da reza, ya wanke cikin da fetur, ya ɗiga man keken ɗinki da tsinin allura. Rana ta faɗi agogon bai tashi ba. Ana kiran magariba ya hura iska a ciki, ko bisimilla babu, ya yi masa wani, ya danna maɓalli. Dogon hannu ya fara gudu.

Kaji suka yi tsit. Tsakuwa ta faɗo a kan kwanon ɗaki, sai wata. Ikram, autar Hansatu, ta saki tukunya ta toshe kunnuwa, ta zube.

Da Malam Ishiyaku mai ruƙiyya ya zo, ya daɗe yana karatu kafin bakinta ya buɗe da muryar tsoho.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Mai ɗaki. Shekaru ina kwance inda ba motsi. Yaronku ya watsa mini fetur, ya hure ni waje."

"Ka ji tsoron Allah, ka bar yarinya."

"In koma ina? Ɗakina sai ƙara yake. Ku bar shi ya tsaya. Kada a ƙara yi masa wani, kada kuma a jefar. In kun jefar, ba ni da ɗaki sai wannan."

Haka suka zauna suna jira, har wanin ya ƙare, agogon ya tsaya. Ikram ta yi atishawa, ta ce, "Umma, ruwa."

Hansatu ta naɗe agogon a tsumma, ta rufe a kwalla, ta tura ƙarƙashin gado.

Jiya da yamma tana shara, tsintsiya ta bugi kwallar. Sai ta ji ƙas, ƙas, ƙas. Abdurrahim yana Kano, Malam ya tafi Umra. Ikram ta leƙo ta ce, "Umma, ba ki ji wani abu ba?"

Shi ne Hansatu take tambayar duk mai jin labarin nan: "Jama'a, in jefar ya koma jikin 'yata, in ajiye ga shi yana tafiya. Don Allah, yaya zan yi?"