Allurar Mantuwa

Wata budurwa ta je sayen maganin hawan jinin Mama, ta tarar da mai kantin ya kifa kai a littafi. Ta san bangon. Marigayiya Yayarta ce ta bar mata irinsa: labarin wani birni da ake yi wa duk ɗan shekara sha shida allura ya manta abin da ke masa ciwo, da wata yarinya da ta gudu don kada ta manta ƙaninta da ya mutu.

"Yarinyar nan wawuya ce," in ji ta.

Ya ɗago. "Jarumar tawa?"

"Da kuna sayar da allurar a nan, da na miƙa hannu."

Ba wasa take ba. Wata goma ke nan da rasuwar Yaya, ko hawaye ɗaya ba ta yi ba. Tana ɗinki, tana cin abinci, tana amsa gaisuwa, shi ke nan.

Shi kuwa bawan Allah, a nan ya faɗa sonta. Ya karɓi lambarta, wai don ya sanar da ita idan sabon magani ya iso. Maganin bai taɓa isowa ba, sai saƙo.

"Alƙaliyata, na kai babi na tara. Har yanzu ba ki sassauta mata ba?"

"A'a."

"To ni fa?"

"Kai ba ka yi laifin komai ba."

Ranar da ya yi maganar aure a bakin shagonta, ba ta ko tsayar da keken ɗinkin ba.

"Mai magani, kada in cuce ka. Ba na ƙin ka, ba na son ka. Ba na jin komai."

"Zan jira."

Da maganar ta kai gida, Mama ce ta ƙi. "Tausayinki yake ji, 'yar nan. Tausayi ƙarewa yake. Ba zan ɗaura wa ɗan mutane bango ba."

Ta ce to, ta koma ɗinkinta.

Shi duk ya ruɗe. Ya ɗauka musun littafin ne ya hana shi shiga, sai ya yi wautar masoya, ya turo saƙo ya sallama.

"Na sake tunani, kin fi ni gaskiya. Da ta tsaya an yi mata allurar, ta manta yaron ta huta."

Ta karanta sau biyu. Ba ta san ta tashi ba, sai ga ta a kantinsa da almakashi a hannu, mutane na layi.

"Ta manta shi? Wa zai tuna da shi in ta manta? Yayata ce ta koya mini zare allura, ita ke cinye mini nama ta rantse ba ita ba ce, kai kuma ka ce..."

Ta zauna a kan kwalin magani ta yi kukan wata goma. Ya sallami mutane, ya karɓe almakashin a hankali.

Da Mama ta ga idanunta a kumbure, tambaya ɗaya ta yi. "Wa ya sa ki kuka?"

"Shi."

"Ki ce ya turo manyansa."

Ranar da aka kai ta ɗakinsa, ya tambaye ta a tsorace, "Yanzu me kike ji?"

Ta daɗe tana dubawa a ranta, don ba ta son yi masa ƙarya.

"Kaɗan. Kuma rabinsa ciwo ne."

"Ɗaya rabin fa?"

"Kai ne."

Allah ya ba su zaman lafiya, ya jiƙan Yaya.