Telan da Ido Ya Cinye

Ni na kai Auta wurin boka, a bayan babur ɗina, kuma wannan laifin da shi zan shiga kabari.

Auta ƙanina ne, tela ne, kuma hannunsa yana da kyau. Shekara biyu yana ɗora ɗinkinsa a shafinsa na intanet. Ya sayi fitilar ɗaukar hoto, ya yi wa bangon shago farin fenti, ya koyi murmushin bidiyo. Mabiyansa ba su kai ɗari uku ba, rabinsu dangi ne. Wanda ya koyi ɗinki a hannunsa kuwa, da ko aljihu ba ya iya daidaitawa, duniya ta san shi.

"Yaya, yanzu ba ɗinki ake saye ba, suna ake saye," in ji Auta. "Ka kai ni kawai, ba sai ka yi magana ba."

Da rana tsaka muka isa. Ɗaki ne a bayan wani kangon gida, babu taga. An manne bangon da fasassun madubai, ta ko'ina fuskarka tana kallonka a gutsuttsure. Matattun wayoyi suna reto daga rufi a jikin jan zare. Ƙarnin jini ya cika wurin. Bokan siriri ne, muryarsa ƙasa-ƙasa, bai ko ɗago ya dube mu ba.

"Me kake so?"

"A san ni."

"Su wa?"

"Kowa da kowa."

Ya karɓi wayar Auta ya kifa ta a ƙwarya, ya yanka baƙin zakara a kanta, ya sa shi ya ɗiga jinin yatsansa a idon kyamarar. Maduban nan suka yi gumi.

"Zan tara maka idanu," in ji bokan. "Amma cikin masu kallonka akwai waɗanda ba mutane ba. Kullum za ka nuna musu sabon abu, ba fashi. Abin da suka gani suka yi sha'awa, nasu ne."

Na taɓa Auta na ce, "Tashi mu tafi."

Ya ture hannuna yana dariya. "Riguna fa nake nunawa, Yaya. Su kwashe, in ɗinka wasu."

"Ka yarda ke nan?" in ji bokan.

"Na yarda."

Kafin sati ya zagayo wayar ta fara ɗaukar zafi saboda saƙonni. Mabiya dubu goma, dubu ɗari, miliyan. Kamfanoni suka riƙa kawo kaya ya tallata. Ya bar shagon haya, ya buɗe wani mai ƙofar gilashi da kekunan ɗinki goma sha biyu, ya gina gida. Wani lokaci rigar da ya nuna sai a tarar ta ruɓe a kan rataya, ta zama kamar toka. Auta ya ce da arha ya sha.

Sai mutane suka gaji da riguna, suka ce suna son ganin gidan da ya fito. Ya ɗauki Inna, mahaifiyarmu, tana sa masa albarka tana gyara mayafi don kunya. Bidiyon ya zaga duniya. Washegari ta ce tana jin ana kallonta ko a banɗaki. Ta daina cin abinci, ta bushe kamar kara. Likitoci ba su ga komai ba. Kwana goma sha tara muka binne ta.

Na same shi a shago na ce, "Auta, ka san abin da ya kashe Inna."

"Kwananta ne ya ƙare."

"To ka rufe shafin."

Ya sunkuyar da kai. "Na gwada. Ranar da ban ɗora komai ba, ji nake ana ƙwanƙwasa ƙoƙon kaina ta ciki. Kirana suke yi, Yaya."

Ya rantse mini ba zai ƙara nuna mutum ba, kuma ya yi ƙoƙari. Amma wata safiya yana magana kai tsaye a shafinsa, 'yarsa mai shekara huɗu ta rugo da sabuwar riga ta faɗa jikinsa. "Abba, ka ga na yi kyau?" Ya kife wayar da sauri, amma an riga an gani. Alamun zuciya na masu sha'awa suka cika allon wayar.

Kwana shida yarinyar ta yi, ta rasu.

Uwarta ba ta yi kuka ba. Ta farfasa duk madubin gidan, ta lulluɓe tagogi da barguna, tana rarrafe tana raɗa cewa a ɓuya, ga su nan. Iyayenta suka zo suka tafi da ita a ɗaure.

Mun koma kangon. Bokan ya saurare mu har ƙarshe, sannan ya ce, "Ni tarawa na iya. Ban taɓa koyon kora ba."

Da Auta ya rasa abin nunawa sai ya juya kyamarar kan kansa. Ya nuna kukansa, ya nuna ramarsa, aka yi ta kallo. Kekunan suka tafi, gidan ya tafi. Ranar da ya fita titi babu riga yana roƙon a daina kallonsa, mutane suka kewaye shi da wayoyi. Babu wanda ya yafa masa ko ƙyalle. A duk bidiyonsa babu wanda aka kalla kamar wannan.

Yanzu yana ɗakin bayan gidana, fuskarsa a jikin bango. Ba ya gane ni.

Kai da ke ƙirga mabiya kana jin zafin na wani, ka ji ni da kyau. Ka riƙe sana'arka, ka ci ɗan abin da Allah Ya ba ka. Duk wanda ya ce zai tara maka duniya a kwana bakwai, ba aljihunka yake hange ba, mutanen gidanka yake ƙirgawa.