Lamba a Kan Murfi

Ƙarfe goma na safe aka bugo wa Sufeto waya daga wurin ginin bene. Damin rodi ya kuɓuce daga injin ɗaga kaya ya danne wani lebura, ko shurawa bai yi ba.

Dokar kamfanin ita ce, ranar da aka yi haɗari, duk mai hannu a aikin sai ya ba da fitsari an gwada. Mutum biyu ne. Akwai Baba Mai Inji, tsohon da ke tuƙa injin, sai mai ɗaure kaya a ƙasa, wanda ake wa laƙabi da Ƙugiya, mijin 'yar tsohon. Kafin rana ta karkata sakamako ya fito. Na Ƙugiya fes. Na tsoho kuwa, ƙwaya.

"Ni? Ƙwaya?" in ji tsohon a ofishin 'yan sanda, yana bugun ƙirji. "Yallaɓai, shekara talatin da huɗu ina saman injin nan. Ban taɓa shiga aji ba, amma injiniyoyi ni suke tambaya. Sau biyu inji ya kife da ni, na tashi na karkaɗe riga. Ko sigari bai san bakina ba!"

"Takarda ba ta ƙarya, Baba. Gobe sai kotu."

"To ni da ban iya karanta ta ba, da me zan ƙaryata ta?" Ya nuna takardar da yatsa. "Rai fa ake son rataya min a wuya."

A bakin kantar 'yan sandan 'yarsa ta tare Sufeto, ta zube ƙasa, hannunta riƙe da ƙullin leda.

"Yallaɓai, ka yi wa Allah, ko maganinsa a miƙa masa. Ciwon suga gare shi shekara goma, kwana biyun nan ma ya hau. In ya kwana babu magani, gawarsa za ku ba ni."

Sufeto ya koma teburinsa ya jera takardun biyu. Can ƙasa akwai layin da ba wanda ya kula da shi. Fitsarin tsoho ba ɗigon suga. Na Ƙugiya kuwa kamar an zuba rake.

Ya nufi ɗakin shan magani na kamfanin.

"Sista, kin bar kwalaben fitsarin nan su kaɗai?"

"Ko nan da ƙofa ban je ba."

"Ina kike rubuta lamba?"

"A murfi. In jikin robar ya jiƙe, biro ba ya kamawa. Haka muke yi tun da aka fara gwajin."

"Wato in na sauya murfi, na sauya mutum ke nan?"

Ta yi tsuru-tsuru. "Ƙanin mamacin ne ya suma a waje, na fita na yayyafa masa ruwa. Minti biyar ne kawai."

"Wa kika bari a ciki?"

"Ƙugiya. Yana wanke hannu."

A gindin injin Sufeto ya sami Ƙugiya zaune, ya dafe ƙugu.

"Da ka ba da fitsari ina ka nufa?"

"Waje, yallaɓai. Ni na riga kowa fita."

"Tun yaushe kake da ciwon suga?"

"Ni? Lafiyata ƙalau, wallahi."

Sufeto ya zaro sabuwar kwalba daga aljihu ya dire a gabansa. "Madalla. Cika min wannan, ina kallo. Lambar kuma a jiki zan rubuta."

Ƙugiya ya kalli kwalbar. Sai ya haɗa kai da gwiwa.

"Bayana ne ke ciwo, yallaɓai. Tun bara, in ban haɗiyi ƙwaya biyu da safe ba ban iya sunkuyawa. In na faɗa a kore ni, ga yara huɗu. Yau na sha uku. Sarƙar sau biyu ake zagaya ta, ni ɗaya na yi, na ɗaga wa Baba hannu." Ya fashe da kuka. "Da na sauya murfin, na zaci tunda tsoho ne, sallamarsa kawai za a yi."

Da suka iso ofis an riga an fito da tsohon. 'Yar ta taso da murna za ta riƙe uban, sai idonta ya faɗa kan ankwa a hannun mijinta. Ta tsaya tsakaninsu, ta kalli wannan, ta kalli wancan.

"Baba..." in ji Ƙugiya.

"Ni na koya maka ɗaurin nan," in ji tsohon. "Da ka ce min bayanka na ciwo, da ni na sauko na ɗaura."

Wani kofur ya ja Ƙugiya ciki, ya turo ƙofa. Matar ta bi su taku biyu, ta tsaya. Sai ta juyo ta kama hannun ubanta.

"Baba, me zan ce wa yaran?"