Ruwan Zafi a Makwarara

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa. Ta zo mu ji ta, in zuciya za ta ɗauka.

Awadiyya Bahaushiyar Sudan ce, tana zaune a unguwar Arba wa Nus, a Alƙahira. Tana shekararta ta biyu a makarantar koyon aikin taimakon likita aka tura ta gwajin aiki wani ƙaramin asibiti bayan kasuwar Ataba, a hannun Sista Marta, tsohuwar ma'aikaciyar jinya. Abu biyu Marta ta dasa mata: kada ta taɓa rauni da ƙarfen da ba a tafasa ba, kada kuma ta tambayi mai rauni ko shi na wane ɓangare ne.

A Nuwamban 2011 gari ya sake birkicewa da zanga-zanga. Tun azahar ake kawo mutane a kan babura daga wajen dandalin Tahrir. Wani an fasa masa kai da dutse. Wani harsashi ya cinye masa ido, yana laluben fuskarsa yana kiran uwarsa. Jini yana danƙo a ƙarƙashin takalmi, tufafin kowa na warin barkonon tsohuwa.

Dab da magariba aka ɗauke wuta. Marta ta ce ta kwashi almakasai da hantsaki ta tafasa su a ɗakin baya, yalla, da sauri.

Tukunya biyu ta ɗora. Ta farko ta tafasa, ta tsame kayan. Ana cikin kiran salla ta juye ruwan a makwararar ƙasa.

Tun tana ƙarama kakarta Fatna ke cewa ba a zubar da ruwan zafi da almuru. In ya zama dole, a sirka, a yi bisimilla, domin akwai masu zama a irin wuraren nan. Ba ta sirka ba. Ba ta yi bisimilla ba.

Wani abu ya yi ƙara daga cikin ramin. Siririya, gajeriya.

Sai ƙaurin gashi ya taso.

Ƙofa ta rufe kanta. Hayaniyar asibiti ta ɗauke ɗif. A kan bencin da babu kowa ɗazu, ga wata doguwar mace cikin baƙin mayafi, jiƙe sharkaf, rungume da yarinya. Fatar bayan yarinyar ta saɓule daga wuya zuwa ƙugu, tana tururi.

"'Yar nan," in ji matar a hankali, da irin Hausar kakarta, "da wane hannu kika zuba?"

Awadiyya ta ɗaga na dama.

Matar ba ta tashi ba. Hannunta ne ya miƙe, ya ratsa ɗakin, ya damƙe ta a tsintsiyar hannu. Ƙashi ya ce ƙas. Aka maka ta da bango, aka ja ta a ƙasa har gaban tukunya ta biyu.

Tururi ya doki yatsunta.

Yarinyar ta yi nishi, irin wanda Awadiyya ta wuni tana ji.

"Inna, hannun nan ki dafa shi daga baya," in ji Awadiyya. "Yanzu ina buƙatarsa. In ba a sanyaya bayan nan ba, ba za ta kai lisha ba."

Matar ta dubi bayan yarinyar.

Aka sake ta.

Ta buɗe famfo, ta yi bisimilla da ƙarfi. Matar ko gezau. Awadiyya ta kwarara wa yarinyar ruwan sanyi a hankali, yadda aka koya mata. Ta yanke rigar yarinyar a kewayen inda ta manne, ba ta ja ba. Ta shafa maganin ƙuna, hannun yana mata zogi har ƙwaƙwalwa. Da ta sunkuya ta ga ƙafafun yarinyar, kofato ne. Ta kau da kai. Ba a tambayar mai rauni.

Tana ɗaure bandeji na ƙarshe, matar ta sake kama hannun. Ta jujjuya shi kamar mai taya nama a kasuwa. Ta ware ƙaramin yatsa, ta tsoma shi a tukunyar, ta riƙe.

"Wannan na tunatarwa ne. Sauran ki yi aiki da su."

Ihun Awadiyya ne ya kawo Marta. Ta same ta a ƙasa, benci a bushe, gwangwanin maganin ƙuna wayam. Ta dubi makwararar, ta yi alamar gicciye a ƙirjinta, ba ta tambayi komai ba.

Yatsan bai tsira ba. Da yatsu tara Awadiyya ta gama makaranta, kuma duk wadda ta koya wa aiki daga baya sai ta ƙara mata doka ta uku a kan na Marta.

Amma abin da ke damunta daban ne. Kwana bakwai a jere, kowace magariba, takan tarar da tsohon bandeji a naɗe a bakin makwararar, ta ajiye sabo da magani. Ran na takwas ba ta tarar da komai ba. Har yau ba ta san ko warkewa aka yi ba.

Ƙurungus, kan kusu. Ku dai riƙa sirka ruwanku.