Direba da Farar Rigar Surukinsa

A wani zamani, a wani gari, an yi wani direba mai tsohuwar mota. Ba ya canza mata baƙin mai, ba ya wanke fulogi, kuma gurɓataccen fetur yake zuba mata. Kullum sai tari take yi, tana fitar da baƙin hayaƙi.

Bakanike ya ce masa, “Malam, datti ya daskare a injin nan kamar gindin tukunya. Kawo in kankare maka.”

Direba ya ce, “Ai tana tafiya.”

Matarsa ta ce, “Maigida, hayaƙin nan har kaji yake kora.”

Ya ce, “Ai tana tafiya.”

Wata rana surukinsa ya sha farar babbar riga, ya ce a kai shi wajen suna. Suna hawa tudu, mota ta yi tari uku ta mutu. Ba kowa a hanya.

Direba ya sunkuyar da kai ya ce, “Baba, sai an ɗan tura.”

Tsoho ya fita yana turawa, daidai bakin salansa, inda hayaƙi yake fita. Sai ji aka yi fam! Mota ta tashi, ta fesa masa baƙin datti tun daga hula har takalmi.

Tsoho ya dubi rigarsa, ya ce, “Madalla. Juya mu koma. Mota wajen bakanike, riga kuma kai za ka wanke.”

Wanki uku direba ya yi a bakin rijiya, mata suna ta dariya.